Ƙunshi na Tara

Raelene ta tsinke zaren da haƙori, ta yage takardar da aka naɗe littafin da ita, ta cusa a kwandon shara. Rabin awa ne hutun cin abincin rana a shagon kayan gona inda take aiki, kuma ba ta da niyyar ɓata ko minti ɗaya. Tun shigowar Oktoba littattafai takwas ta cinye a gasar karatun ban tsoro da laburaren gari ke shiryawa duk shekara. Wannan ne na tara. Goma sha uku ake so, kuma shekara uku ke nan a jere ba wanda ya riga ta cika katinsa.

Bana sabuwar shugabar laburare ta zo da nata salo daga birni. Kowane littafi an naɗe shi da takarda mai kauri, an ɗaure da zare, an rubuta kalma uku kacal a bayansa. Ka ɗauka ido rufe, ba ka san abin da ka kwaso ba sai ka buɗe. A jikin na Raelene an rubuta: alkama, fatalwa, kusa. Har dariya ta yi sa'ad da ta zaɓe shi.

Hoton bangon ne ya fara tsayar mata da tauna. Rumbun alkama ne na siminti, dogon nan da ke bakin layin dogo, wanda ko daga tagar shagon ana hango kansa. A ƙasan hoton ga sunan marubuci, Graeme Uttley, malamin da ya koya mata tarihi a sakandare kafin ya yi ritaya ya koma bakin teku. Ta ajiye burodin da ke hannunta, ta buɗe shafin farko.

Wai wani mutum ne mai suna Ben, yana cikin rumbu lokacin girbin shekarar saba'in da tara, sai injin da ke zuƙe alkama daga ƙasa ya tashi, alkama ta haɗiye shi. Yana da mata, Meryl, da 'ya ɗaya mai shekara goma sha ɗaya, da gida mai koriyar ƙofa a bayan tashar jirgi. A shafi na uku Meryl tana tsaye tana shanya wanki, kunnenta na jiran ƙarar injin, don ita ce ta aiki kwartonta ya kunna shi.

Sunan mahaifin Raelene Len. Sunan mahaifiyarta Beryl. Ƙofar gidan nan kuwa ita da hannunta ta sake mata fenti bara kafin a sayar da gidan.

"Ɗan banza," ta ce a hankali. "Tsohon banza marar kunya."

Mu mutanen Carrowie ba yau muka san wannan magana ba. Masu bincike sun zo a wancan lokaci, suka ce haɗari ne, makunnin injin ne ya lalace, suka rubuta suka tafi. Amma garin nan namu bai taɓa yarda takarda ta hana shi gulma ba. Ana yin ta a wurin gyaran gashi, a bayan coci, a bakin filin ƙwallo, sai a yi tsit in Beryl ta doso. Raelene ta tashi a cikinta, ta kuma ɗaukar wa kanta alkawari ɗaya tun tana yarinya, cewa maganar nan ba za ta kai kunnen uwarta ba. Shekara arba'in da shida tana wannan gadi. Yanzu Beryl na da tamanin da uku, tana gidan tsofaffi a ƙetaren layin dogo, an yi mata aikin zuciya a watan Yuni, likita ya ce a kiyaye duk abin da zai tayar mata da hankali. Sai ga wani ƙato ya kwashe gulmar kaf ya yi mata bango mai sheƙi, laburare kuma ya ɗaure ta da zare kamar tsaraba.

Ta zari makullin mota. Col, mai shagon, ya leƙo daga bayan buhunan abincin tumaki.

"Rae, ina zuwa? Ga motar taki ta iso."

"Sauke da kanka, ai kana da hannu."

"Ke, lafiya kuwa?"

Ƙofar ce ta amsa masa.

Laburaren ya sha ado irin na bikin fatalwa da ake yi a ƙarshen Oktoba. Kabewar roba a bakin ƙofa, saƙar gizo ta auduga ta ko'ina, jemagun takarda na lilo daga rufi, alhali a waje rana ce tas, itatuwa sun cika da fure. A tsakiyar ɗakin ga teburin gasa, ƙunshin littattafai kusan arba'in a jere. Bronwen, shugabar, na bayan kantar ba da aro da doguwar baƙar hular mayu a kai. Da ganin Raelene sai ta washe baki ta ɗauko hatimi.

"Gwanarmu ta iso! Kar ki ce har kin gama na tara."

Raelene ta buga littafin a kan kantar. "Wa ya sa wannan a gasa?"

"Au, na Mista Uttley? Kyauta ya aiko mana, kwafi huɗu. Na ce ai abin alfahari ne, marubuci ɗan gida, labarin gida..."

"Kin karanta?"

Bronwen ta ɗan yi dariya. "In faɗa miki gaskiya, ni ba na iya karanta littattafan tsoro. Barci suke hana ni."

"Ba kya iyawa." Raelene ta gyaɗa kai. "Ba kya iya karantawa, amma kin iya naɗewa. Kin iya ɗaure zare. To buɗe shafi na uku. Matar nan da ke shanya, uwata ce. Mutumin da ke cikin rumbu, ubana ne. Ni ce 'yar. Ga ni, kalle ni da kyau, ko ba ki taɓa ganin fatalwa da rana ba?"

Murmushin ya bar fuskar Bronwen. Wani tsoho da ke karanta jarida a kusurwa ya ɗaga ta ya rufe fuskarsa da ita, don shi ya san zancen sarai.

"Raelene, don Allah yi haƙuri, ban sani ba. Amma ai ƙagaggen labari ne, ya ma rubuta a farko cewa sunayen..."

"Ya canja harafi ɗaya! Sannunsa da aiki, ya wahala. Ina sauran ukun?"

"Ban... ai ba a ganewa. Matan da ke taimaka mana ne suka naɗe, kowa ta rubuta kalmomin da ta ga dama. Shi ne daɗin abin, ba wanda ya san wane ne wane."

"To yanzu za a sani."

Raelene ta nufi teburin, ta ɗauki ƙunshin farko ta yage. Gidan mayu ne a wani tsibiri. Ta jefar. Na biyu, wata 'yar tsana mai yawo da kanta. Ta jefar. Bronwen ta zagayo da gudu tana riƙe da hula.

"Haba, Raelene! Kwana biyu aka yi ana naɗe su! Dokar gasa ce, ba a buɗewa a nan!"

"Kira 'yan sanda. Sajan ɗin ma ajinmu ɗaya, zai taya ni."

Ta ci gaba, keee, keee, takarda na zuba a ƙasa, zare na naɗe mata yatsu. Duk irin littattafan da take so ne, waɗanda take rungumewa a kan kujera da kofin shayi tana jin daɗin mutuwar mutanen da ba ta sani ba. Yau ko kallonsu ba ta son yi. A ƙunshi na goma sha huɗu ta ga rumbun. A na talatin da ɗaya ta sake ganinsa. Ta yage sauran har na ƙarshe, babu. Ta tsaya tana haki, littattafai uku a hammata.

"Saura ɗaya. Duba na'urarki ki gaya mini wanda ya ara."

"Ba mu da ikon faɗin abin da wani ya..."

"Bronwen."

Matar ta koma bayan kantar, ta danna na'urar, ta danna. Sai hannunta ya tsaya. Ta cire hular a hankali ta ajiye, fuskarta ta yi fari fat.

"Duk Laraba direbanmu yakan ɗauki ƙunshi ɗaya daga teburin ya kai gidan tsofaffi. Su ma sun shiga gasar bana, a matsayin ƙungiya. Sukan taru a falo su buɗe tare, a karanta musu." Ta kalli agogo. "Yau Laraba. Ƙarfe biyu ake farawa."

Agogon bango ya nuna biyu saura minti bakwai.

A mota ta kira gidan tsofaffi sau uku, waya na ta ringi ba mai ɗauka. Da ma haka suke in ana tura kekunan tsofaffi zuwa falo, ba a barin kowa a ofis. Ta taka mota ta bi ta gaban gidan burodi, ta karya kwana, sai ga jan fitila na ƙyaftawa, sandar mashigar jirgi na saukowa a gabanta. Jirgin dakon alkama ne, ana kwashe alkamar bara kafin sabon girbi, yana jan jiki kamar mai ciwon baya. Ta doki sitiyari da tafin hannu har sai da ya yi mata zafi. Ta zagi jirgin, ta zagi Uttley da gilashinsa da rigarsa mai faci a gwiwar hannu, ta zagi duk wanda ya fara ƙirƙiro cewa a naɗe littafi. Tarago sittin da biyu ta ƙirga. Rumbun na tsaye a hannun damanta, ba ta juya ta kalle shi ba.

Biyu da kwata ta shiga gidan, ba ta tsaya sa hannu a littafin baƙi ba. Tun daga baranda take jin muryar Marites, ma'aikaciyar da ke shirya wa tsofaffi wasanni, wadda shekara biyu kacal ta yi a garin. Tana karatu tana jan murya yadda abin zai ba da tsoro, baiwar Allah, iya ƙoƙarinta take yi.

"...sai Meryl ta ɗauke takalman daga bakin ƙofar baya, ta ɓoye su kafin maƙwabta su..."

Tsofaffi kusan ashirin ne zaune a falon, an yi musu da'ira, ga keken shayi a gefe. Ba mai tari, ba mai gyangyaɗi, abin da ba a taɓa gani ba a karatun Laraba. Kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin kofinsa. Beryl tana dab da Marites, bargo a kan gwiwa, bayanta a miƙe.

Raelene ta fizge littafin daga hannun Marites.

"Kai! Madam, mene ne?"

"Ke ba ki sani ba, ba ruwanki." Ta juya ga sauran. "Amma ku fa? Ku ashirin, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce a tsaya? Stan, kai da ka ɗauki gawar ubana a kafaɗarka, kana zaune kana tsoma biskit a shayi? Tir da ku! Tir da wannan gari!"

Stan ya kalli biskit ɗinsa, rabi ya riga ya narke ya faɗa kofi. Raelene ta durƙusa gaban uwarta, ta sassauta murya da ƙyar.

"Mama, tashi mu je ɗaki. Shirme ne kawai, labarin wasu mutane ne can. Zo in haɗa miki shayi mai kyau."

"Ba ni littafin nan," in ji Beryl.

"Mama, ba shi da daɗi ma. Zan kawo wani."

"Raelene Joy, shafi bakwai na saurara. Ni ce Meryl. Tsufa na yi, ban haukace ba." Ta miƙo hannu. "Stan ya so ya tsayar da ita tun a shafi na biyu, ni na ce ya yi mini shiru. Ba ni."

Raelene ta miƙa mata littafin.

"Kin... da ma kin sani?"

"Kin zaci kurma ce ni? In shiga shagon nama a yi shiru, in fita a ci gaba, shekara arba'in da shida, ki ce ban sani ba? Ranar da kika dawo daga makaranta da jini a riga kika ce faɗuwa kika yi a keke, na san haƙorin wa kika cire, na san dalili. Na ga kina son ki ɓoye mini, sai na bar ki. Abin da ya rage miki ke nan da za ki yi wa ubanki." Ta shafa bangon littafin da yatsa. "Ba wanda ya taɓa faɗa mini a gaban idona. Ko mutum ɗaya. Yau ce rana ta farko da na ji ta daga farko a jere, kuma ba ki isa ki hana ni ba."

"Zuciyarki, Mama. Likita ya ce..."

"Likita yaro ne."

Beryl ta juya a kan kujerarta, a hankali, kamar yadda tsofaffi ke juyawa, ta fuskanci matar da ke zaune a hagunta. Dot Fenwick ce, wadda katanga ɗaya ta raba gidajensu shekara talatin, yanzu kuma teburinsu ɗaya a ɗakin cin abinci, kullum ita ke miƙo wa Beryl gishiri. Ƙaramar mace ce mai farin gashi da aka nannaɗe, ta ƙura wa labule ido kamar yau ta fara ganinsa.

"Dot."

"Na'am, Beryl."

"Takalman nan na bakin ƙofar baya. Daga titi ba a ganin ƙofar bayana. Daga tasha ba a ganinta. Daga ina ake ganinta, Dot?"

"Haba, Beryl, abin da ya wuce shekara da shekaru..."

"Daga tagar kicin ɗinki ake ganinta. Takalman ƙanena Ray ne, ya kwana biyu a wurinmu yana neman aikin girbi. Kin san shi. Har kek kika aiko masa."

"Ni dai abin da na gani na faɗa. Mutum ɗaya na faɗa wa. Kuma da Graeme ya zo bara yana tambayar tsofaffin labarai, ce mini ya yi na tarihi ne. Ban san littafi zai yi irin wannan ba, na rantse."

Raelene ta miƙe tsaye. Da ba tsohuwa ba ce mai tamanin da biyar, da Allah kaɗai ya san abin da zai faru a falon nan. "Ke ce? Ke da kike kawo mana miya bayan jana'iza? Kina shafa mini kai kina cewa 'yar marainiya?"

"Zauna, Raelene," in ji Beryl. "Kin yi naki. Wannan nawa ne."

Ta ɗora littafin a kan cinyar Dot, ta buɗe shi a shafi na bakwai, ta danne da yatsa.

"Yarinyar nan Marites tana ƙoƙari, amma ba ta san mutanen ba, ba ta san inda ake jan murya ba. Ke kika fi kowa sanin labarin. Karanta mana."

"Beryl, don Allah."

"Ai muna cikin gasa. Ko ba a ce in mun gama za a buga mana hatimi ba? Marites, shafi nawa ne duka?"

Marites ta kalli Raelene, ta kalli tsohuwar. "Ɗari biyu da tamanin, Misis Beryl. Amma in kina so sai mu canja, akwai wasan kati..."

"Ɗari biyu da tamanin. To, muna da Laraba da yawa. Ba inda za mu."

Dot ta laluba ƙirjinta, ta laluba aljihun rigar sanyinta. "Ban zo da tabarau ba. Na bar shi a ɗaki."

Beryl ta cire nata daga wuya, da sarƙarsa da komai, ta goge shi da gefen bargo, ta miƙa mata.

"Ga nawa."

Raelene ta jawo wata kujerar roba ta zauna dab da uwarta, ta kama wuyan hannunta kamar mai son riƙe ta, ta ɗora yatsu biyu a kan jijiya tana ƙirgawa a zuci. Bugun na tafiya daidai, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Nata ne ke dukan uku-uku.

Dot ta sa tabarau, ya yi mata yawa, ya zamo kan hanci. Ta ɗaga littafin. Ta fara karantawa, murya can ƙasa, kalmomin na maƙalewa, ko na kusa da ita ba ya ji sosai.

Beryl ta ɗauki kofinta ta kurɓa, ta mayar a kan faranti.

"Ɗaga murya, Dot," ta ce. "A da har ƙarshen layi ana jin ki."